Hanji mai saurin fushi: na'a-na'a, filasko, kanwa da sauran abin da muke ɗura wa cikinmu

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar ciki za mu yi. Ba cikin haihuwa ba fa, cikin tuwo. Kuma tun yanzu ina neman afuwar wanda ke cin abinci yana sauraronmu, domin za a ambaci bayan gida, za a ambaci tusa, ba sau ɗaya ba. Kunyar ambaton waɗannan abubuwa na daga cikin abin da ya sa matasa da yawa ke shekara da shekaru suna wahala a ɓoye, suna zuba kuɗinsu a hannun duk wanda ya ɗaga lasifika a bakin tasha. Ni ba likita ba ne, karatu na yi na tattaro, don haka a ɗauki shirin nan a matsayin guzurin zuwa wurin likita.

Akwai wani ciwo da likitoci ke taƙaita sunansa da IBS. Idan za mu ba shi suna da Hausa, ni dai "hanji mai saurin fushi" zan ce. Mai shi yana fama da murɗawar ciki tana zuwa tana tafiya, ciki ya kumbura kamar ganga, ga ƙugi, ga iska. Wani gudawa ce ke damunsa, da ya ci abinci sai banɗaki. Wani kuma ƙullewar ciki ce, kwana uku huɗu ba labari, in ya fita ma kamar kashin awaki. Wani yau wannan, jibi wancan. A je asibiti a yi hoto, a auna jini, a ce ba a ga komai ba. To daga nan ne fa rigima ke farawa, domin a wurinmu in aka ce ba a ga komai ba, sai dangi su raba kansu gida uku: masu cewa olsa ce, masu cewa basir ne, da masu cewa an yi masa sammu.

Alhali ciwon sananne ne, yana da ƙa'idojin ganewa. Wata ƙungiyar ƙwararrun likitocin ciki da ake kira Gidauniyar Roma ta fitar da ƙa'idarta ta huɗu a 2016. Abin da ta ce shi ne: ciwon ciki da ke dawowa aƙalla rana ɗaya a mako cikin wata uku da suka wuce, wanda ya fara tun wata shida ko fiye, kuma yana tare da biyu cikin abu uku: ciwon yana da alaƙa da fitar bayan gida, ko yawan zuwa banɗakin ya canza, ko kamannin bayan gidan ya canza. Wannan gidauniya ta yi bincike a ƙasashe 33, da mutum fiye da dubu saba'in, har da Najeriya da Ghana inda aka bi gida-gida. A waɗanda suka amsa ta intanet, kusan mutum 4 cikin 100 ne suka cika wannan ƙa'ida. Ke nan a babban ajin jami'a mai ɗalibi ɗari biyu, da wuya a rasa masu shi.

Me ke faruwa a cikin jikin? Hanji da ƙwaƙwalwa suna magana da juna dare da rana ta jijiyoyi. Kowa ya san yadda ciki ke kaɗawa in an kira sunanka a ɗakin intabiyu. A mai IBS, wannan layin sadarwar ne ya yi ƙara fiye da kima. Iskar da za ta wuce a cikin wani bai ko ji ba, shi sai ya ji ta kamar ana murɗe masa hanji. Motsin hanjin ma ya rikice, ko ya yi gaggawa ko ya yi nawa. Kuma ga abin da ya shafe mu sosai a nan: kusan mutum ɗaya cikin goma da suka yi mummunar gudawa ta ƙwayar cuta, ciwon kan bar musu wannan saurin fushin bayan ƙwayar cutar ta tafi. An ga haka ƙarara a wani gari mai suna Walkerton a Kanada, inda ruwan famfo ya gurɓace a shekarar 2000, aka bi mutanen shekaru ana duba su. Ku kwatanta da unguwanninmu, inda rijiya ke maƙwabtaka da shadda, damina ta zo da amai da gudawa. Shi ya sa kullum nake cewa maganar ruwan sha maganar siyasa ce.

Kafin mu taɓa ganye ko ɗaya, ga wanda wannan shirin ba nasa ba ne. In kana ganin jini a bayan gida ko ya koma baƙi ƙirin, in kana ramewa ba dalili, in an ce jininka ya yi ƙasa, in gudawa ko ciwon na tashinka daga barci, in akwai zazzaɓi, in ka ji ƙullutu a ciki, in abin ya fara maka bayan shekara hamsin, ko akwai wanda ya yi kansar hanji a gidanku, to ajiye tukunyar tafasa ganyen nan ka tafi asibiti. IBS ba ya sa jini. Kalmar "basir" ta zama buhun da muke zuba kowace cuta a ciki, kuma a cikin buhun nan ne kansar hanji ke ɓuya har ta girma. Kada ka ce ai kai yaro ne. Chadwick Boseman, jarumin fim ɗin Black Panther, yana da shekara 43 kansar hanji ta yi ajalinsa a 2020. Ko babu waɗannan alamomi ma, a ƙasarmu ya kamata a fara auna bayan gida, domin tsutsar ciki da ƙwayoyin da ke kawo atini suna iya yin kama da IBS sak, kuma su maganinsu na 'yan kwanaki ne.

Yawwa. To an duba, likita ya ce IBS ne. Me ganye zai iya?

Wanda ya fi kowa hujja shi ne man na'a-na'a. Ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta sa shi cikin shawarwarinta na 2021, ta Birtaniya ma ta ambace shi a nata na wannan shekarar. Yadda yake aiki ba boyayye ba ne. Bangon hanji tsoka ce, kuma tsoka ba ta matsewa sai sinadarin kalsiyam ya shiga cikinta. A cikin man akwai mentol, wannan abin mai sanyi-sanyi da kuke ji a man zafi da alawar tari, shi ne ke tare ƙofar da kalsiyam ke bi, sai tsokar ta saki, murɗawar ta lafa.

Amma a nan ne ake yin kuskure, don haka ku saurara da kyau. Wanda aka gwada a bincike kafso ne mai riga ta musamman, wadda ba ta narkewa a tumbi sai ta gangara hanji. Dalili kuwa, in man ya fashe a sama, zai saki tsokar da ke rufe bakin tumbi, sai ruwan tsami ya taso, ƙwannafi ya kama ka. Saboda haka ba a tauna kafson, ba a fasa shi, ana haɗiye shi da ruwa kafin cin abinci. Ba a kuma haɗa shi lokaci ɗaya da farin ruwan nan na olsa, domin yana narkar da rigar tun ba a je ko'ina ba. Wanda dama ke fama da ƙwannafi, wataƙila ba zai jure shi ba. Mai juna biyu da ƙananan yara sai da izinin likita. Sannan ɗan kwalbar man na'a-na'a da ake sayarwa don ƙamshi ko shafawa, don Allah kada wanda ya ɗiga shi a shayi ya sha, ƙarfinsa ya wuce yadda ake zato.

Wani zai ce to shayin na'a-na'a fa? Sha abinka, da ɗumi, yana kwantar da ciki kuma ba tsada. Sai dai ka sani wadda aka saba jefawa a shayin Buzaye yawanci wata 'yar uwarta ce, mai ƙarancin mentol sosai, kuma abin da ke cikin kofi ɗaya bai kama ƙafar abin da ke cikin kafso ba. Kuma ko kafson ba tsafi ba ne. A wani gwaji da aka yi a Holan da mutum kusan 190, aka buga a 2020, man bai cimma babban ma'aunin da masu binciken suka gindaya ba, duk da dai ya rage zafin ciwon. Wato yana taimakon wasu, wasu kuma ko gezau.

Bari in tsaya a nan in ba ku wani labari, domin shi ne zai sa ku fahimci kasuwar maganin ciki gaba ɗayanta. A 2010 wani mai bincike a Jami'ar Harvard, Ted Kaptchuk, da abokan aikinsa suka ɗauki masu IBS su 80. Aka ba rabi ƙwayar da babu magani ko kaɗan a cikinta, kuma aka faɗa musu baki da baki cewa ba komai a ciki. Sauran ba a ba su komai ba. Bayan mako uku, kashi 59 cikin 100 na masu shan ƙwayar banza suka ce sun samu sauƙi, a ɗaya ɓangaren kashi 35. An faɗa musu fa! Ba ƙarya suke yi ba, sauƙin na gaske ne, domin ciwo ne da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da hanji, kuma sa rai da samun mai kula da kai suna rage ƙarar layin nan. Ƙari a kan haka, ciwon da kansa yana tashi yana kwanciya. Yaushe mutum ke sayen magani? Ranar da abin ya fi tsanani. Bayan kwana biyar dama zai lafa ko an sha ko ba a sha ba, sai jarka ta karɓi yabo.

Ke nan idan mai magani ya jera maka shaidu goma a TikTok suna rantsuwa sun warke, mai yiwuwa ne duk gaskiya suke faɗa, kuma mai yiwuwa ne ruwan da ke jarkar bai yi komai ba. Hanyar da ake bambancewa ita ce a gwada maganin kafaɗa da kafaɗa da na bogi, ba tare da mai sha ya san wanne aka ba shi ba. Citta, wadda nake ƙauna ƙwarai, an yi mata irin wannan a Amurka a 2014 da mutum 45, ba ta fi ƙwayar bogi ba. Tana da amfaninta wurin tashin zuciya, wannan daban. Kurkur kuma, ku zuba a miya yadda kuke so, amma kafsonsa mai ƙarfi, musamman wanda aka haɗa da sinadarin masoro don jiki ya zuƙe shi sosai, an samu rahotannin ya taɓa hantar wasu a Italiya da Amurka.

Na biyu a ƙarfin hujja ba ya da wani kwarjini, ɓawon wani ɗan ƙaramin iri ne da ake nomawa a Indiya, a jihohin Gujarat da Rajasthan. Sunansa isfagula ko siliyam, a kemis an fi saninsa da Fybogel. In ka zuba shi a ruwa sai ya yi kauri ya yi yauƙi. Wannan yauƙin yana riƙe ruwa, ya tausasa bayan gida mai tauri, ya kuma ɗan haɗe mai ruwa-ruwa, shi ya sa yake iya amfanar ɓangarorin biyu. A 2009 an buga wani gwaji daga Holan, mutum 275, aka raba su: wasu isfagula, wasu dusar alkama, wasu garin shinkafa a matsayin na bogi. Isfagula ya taimaka. Dusa kuwa, da yawa daga masu shanta suka gudu daga gwajin tun da wuri saboda ciwonsu ya ƙaru. Wannan darasi ne babba, domin shawarar da kowa ke bayarwa ita ce "ka ci abu mai dusa-dusa". Ashe harzar abinci iri biyu ce, akwai mai narkewa ta yi yauƙi, akwai mai kaushi da ke karce hanjin da dama a fusace yake.

Ana farawa da kaɗan, kamar giram 3 zuwa 4 a rana, a riƙa ƙarawa a hankali, in ba haka ba ciki ya cika da iska. A sha da cikakken kofin ruwa nan take kafin ya daskare, kada a sha dab da kwanciya, kuma a ba da tazara tsakaninsa da sauran magunguna.

Duk sanda na karanta bayanin yauƙin nan sai in tuna tukunyar gidanmu. Miyar kuɓewa, miyar kuka, karkashi, lalo, ai duk yauƙi ne, kuma dangin wannan harza mai narkewa ce. A ra'ayina, matashin da ya bar tuwon dawa da miyar kuɓewa ya koma indomi da burodi safe da dare, ya fara gyara wannan kafin ya nemi wani kafso daga waje.

Yanzu ga inda zan ɓata wa wasu rai: filasko, wanda masu kantin maganin Musulunci ke sayar da ɗan uwansa da sunan sanamaki. Yana aiki? Ƙwarai kuwa. Har a asibiti ana ba da ƙwayar da aka yi da shi. Sinadarinsa na isa babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su farkar da shi, sai ya tsokani bangon hanjin ya yi ta matsawa, bayan awa shida zuwa sha biyu a ruga banɗaki. To ka duba, mutumin da matsalarsa ita ce hanjinsa na saurin murɗawa, ka ba shi abin da aikinsa shi ne sa hanji murɗawa. Na kwana ɗaya biyu in ciki ya ƙulle tamau, ba laifi. Amma a mayar da shi shayin kullum da sunan "wankin ciki", wannan yana zubar da ruwan jiki da gishirin fotashiyam wanda zuciya ke buƙata. Kuma 'yan uwana mata, yawancin shayin rage tumbi da ake tallatawa a Instagram, in kun duba abin da aka haɗa, za ku ga wannan ganyen a ciki. Abin da ke sauka a sikeli ruwa ne da bayan gida, kitsen na nan daram.

Ita wannan aƙida ta wankin ciki ma a sake duba ta. Hanji ba kwata ba ce da za a ce datti ya taru sai an yashe. Majinar da mai IBS ke gani a bayan gida, wadda mai magani ke cewa "ka ga dattin ya fara fita", hanji ne da kansa ke yin ta don ya kare bangonsa.

Alobera ma haka. Ruwan ɗorawa mai ɗaci da ke ƙarƙashin ɓawonta dangin sinadarin filasko ne. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta cire shi daga jerin magungunan sakin ciki da ake sayarwa ba takardar likita tun 2002, kuma hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce kada a ƙarfafa wa mai IBS gwiwar amfani da alobera.

Jar kanwa fa, da ake jiƙawa in ciki ya murɗa? Tana haɗuwa da ruwan tsamin tumbi, iska ta taso, ka yi gyatsa mai ƙarfi ka ji wasai. Rigimar IBS kuwa tana can ƙasa. Abin da ka ƙaru da shi gishirin sodiyam ne, wanda mai hawan jini da mai ciwon ƙoda ba sa buƙata. Bagaruwa da sabara kuma, da ake ba mai gudawa, suna da sinadarin nan mai bauri da ke tsuke nama. Ku tuna da bagaruwa majema ke jeme fata. Za ta iya tsayar da gudawa na ɗan lokaci, amma ciwon da ake zama da shi shekaru ba a bi da shi da abin da ke ɗaure ciki yana kuma rage wa jiki zuƙar sinadarin ƙarfe daga abinci, musamman ga mace da ke zubar da jini duk wata.

Maganin da ya fi kowanne zama "na halitta" a wurina, ba a jarka yake ba, a faranti yake. A Jami'ar Monash da ke Melbon ta Ostareliya, Peter Gibson da Sue Shepherd suka fito da wani tsari a wajen 2005 da ake kira FODMAP. Bayaninsa a sauƙaƙe: akwai wasu nau'o'in sukari da ƙaramin hanji ba ya iya zuƙewa da kyau. Suna jawo ruwa, su gangara babban hanji, ƙwayoyin halittar can su yi biki a kansu, kamar yadda ƙullu ke kumbura in ya kwana. A mai lafiyayyen ciki, iyakarta tusa. A mai IBS, ciwo ne.

Ina suke? Ku riƙe zuciyarku. Albasa da tafarnuwa su ne shugabanni. Sai alkama, wato burodi, taliya, indomi, gurasa, fanke. Sai wake da 'ya'yansa, ƙosai, alala, ɗanwake. Madara. Mangwaro, kankana, tuffa. Cingam da alawar da aka rubuta ba sukari. Har da zuma, domin sukarin 'ya'yan itace ya yi yawa a cikinta. Darajar zuma a wurinmu ba abin musu ba ce, amma mai irin wannan hanji in ya sha cokali uku da safe ya ga cikinsa ya tashi, ya san dalili, ya rage. Yanzu ku hango faifan buɗa-baki a gidajenmu da azumi: ƙosai, kankana, dabino, shayi da madara, soye-soye, duk cikin minti goma a kan cikin da ya wuni ba komai. Sai a ce azumi ne ya tayar da olsa.

Abin farin ciki, abincinmu na asali yawancinsa yana ɓangaren masu sauƙi. Shinkafa, masara, gero, dawa, doya, dankalin Turawa, ƙwai, nama, kifi, gyaɗa, karas, kokwamba, lemun zaƙi, gwanda, abarba. Awara ma, duk da daga waken suya take, yawancin sukarin na bin ruwan da ake tsiyayewa. Ga kuma dabara biyu ga wanda ba zai iya cin miya ba albasa ba. Sukarin da ke cikin albasa da tafarnuwa yana narkewa a ruwa, ba ya narkewa a mai, don haka za ka iya soya su a mai, ka tsame su tas ka zubar, ka yi girki da man, ƙamshin na nan. Na biyu, koren ganyen albasa ba ya da wannan matsala kamar kan, mu kuwa dama muna da lawashi. A kula da ɗanɗanon miya na leda, sau da yawa akwai garin albasa da tafarnuwa a ciki.

Maganar madara tana da ban sha'awa. Binciken da aka yi a Najeriya tun farkon shekarun 1970 ya nuna yawancin Fulani makiyaya suna iya narkar da sukarin madara har girmansu, yayin da mafi yawan sauran ƙabilu ke rasa wannan bayan yarinta. Saboda haka in abokinka ya shanye kwanon madara ya tashi lafiya, kai kuma kofi ɗaya ya sa ka zarya, gado ne kawai. Nono da kindirmo sun fi ɗanyar madara sauƙi tunda tsami ya cinye wani kaso na sukarin, amma madarar garin da mai shayi ke zabgawa cokali huɗu, ita kam a sa mata ido.

Kada wanda ya ji wannan ya je ya haramta wa kansa wake da albasa har abada. Tsarin mataki uku ne. A rage waɗannan abinci na mako biyu zuwa shida. In an ji sauƙi, a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a ba shi kamar kwana uku ana ƙara yawa, a ga wanne ne mai laifi. Sannan a koma cin duk abin da ciki ya amince da shi. Da yawa za su tarar abu biyu ne ko uku kawai ke damunsu, kuma ko su ɗin ma yawa ne matsalar. In mako shida ya wuce ba canji, a bar shi, ba nan take ba. Wake shi ne naman talaka, kuma ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanji da irin wannan abincin suke rayuwa. Wanda ke kusa da asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika, ya nemi ganin masanin abinci ya raka shi a wannan tafiya. Yaji, goro, kofi da lemun ƙara kuzari ba sa cikin wancan lissafi, amma su ma suna zaburar da hanji, mai gudawa ya lura da su.

Sai ɗaya ƙarshen layin, wato kai. Wanda ya yi zaman jiran yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022, ko yake yawo da takardu ofis-ofis, ba sai an yi masa bayanin yadda damuwa ke sauka a ciki ba. A Suwidin an yi gwaji da mutum 102, aka buga a 2011, waɗanda aka sa su motsa jiki na minti 20 zuwa 60, sau uku zuwa biyar a mako, sun fi sauran samun sauƙi. Tafiyar ƙafa ce, keke ne, ƙwallon yamma ce. Barci a kan lokaci, cin abinci a zaune ba a tsallake na rana. Kuma in likita ya rubuta maka ɗan ƙaramin awo na amitriptyline, ka duba a waya ka ga an ce maganin damuwa ne, kada ka yi fushi ka ce ya mayar da kai mahaukaci. A wannan ƙaramin awon, rage ƙarar jijiyoyin hanji yake yi, kuma wani babban gwaji a Ingila da mutum 463, wanda mujallar Lancet ta buga a 2023, ya nuna yana taimakawa. Da takardar likita fa, ba a kemis ɗin lungu ba. Shan Flagyl duk sanda ciki ya yi ƙugi kuma, wannan a daina, yana kashe na kirki da na banza ne a hanjin.

Ga mai son gwada wani abu cikin waɗanda na ambata, ya sayi littafin rubutu na ɗari biyu ko ya buɗe wuri a waya. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, na mako huɗu, yana rubuta abin da ya ci, zafin ciwon daga ɗaya zuwa goma, da sau nawa ya zaga. In ka haɗa na'a-na'a da hulba da habbatus sauda da barin wake duk a mako ɗaya, ko ka ji sauƙi ba ka san wa za ka gode wa ba, in kuma abin ya ɓaci ba ka san wa za ka kama ba. Mata su riƙa rubuta kwanakin al'ada a ciki, domin ciwon kan tsananta a lokacin. Wannan littafin, ranar da ka ajiye shi gaban likita, ya fi "wallahi likita cikina ne kawai" amfani sau goma. Kuma a faɗa wa likita duk ganyen da ake sha, ko zai yi faɗa.

Magana ta ƙarshe a kan jarka da kwalba. Mutane na ganin lambar NAFDAC su ce shi ke nan gwamnati ta tabbatar yana warkarwa. Ku duba lambar da kyau. A yawancin magungunan gargajiya za ku ga ta ƙare da harafin L, kuma a jikin kwalbar akwai rubutu da Turanci cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Ma'ana an duba ne ko abin na cutarwa, an ba shi izini na wani lokaci, amma ba a ce yana maganin cuta goma sha biyar ɗin da aka jera ba. Wanda ba shi da lamba kwata-kwata, ba sunan abin da aka haɗa, ba awo sai "rabin kofi safe da yamma", wannan ƙodarka da hantarka ne wurin gwajinsa. A 2023 sai da 'yan jaridar Premium Times da Dubawa suka kai wani shahararren maganin ruwa da ake sha a Arewa ɗakin gwaji, suka wallafa abin da aka gano, sannan hukuma ta je ta rufe inda ake haɗa shi. Shekara nawa ana shan sa kafin nan? Gidajen rediyon da ke karɓar kuɗin tallan irin waɗannan, su ma da tambayar da ya kamata mu riƙa yi musu, kuma mu masu waya a hannu mu ne za mu yi ta.

Masu ilimin itatuwa na gaskiya a cikinmu, waɗanda suka gada kuma suke tsoron Allah, su ne wannan hargitsi ya fi cuta, domin an jefa su kwando ɗaya da 'yan damfara. Muna da cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, a Abuja, muna da tsangayoyin haɗa magunguna a Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri. Abin da aka yi wa na'a-na'a a Holan, a ba su kuɗi su yi wa sabara da kuka irinsa, da marasa lafiyarmu da abincinmu. Ɗan majalisar mazaɓarku in ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi nawa aka ware wa wannan a kasafin bana.

A nan za mu dakata. Wanda ke fama da wannan ciwo, Allah Ya ba shi lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.